Akokan: wane mikiro ne zai ji bugun agogo?

Tun da aka rufe ramin Akuta, hannuwan da suka saba da manyan injuna sun koma kan rediyo da fanka da keken ɗinki, samari kuwa suna ɗaukar aikin da salula domin a gani a nesa. Hoto yana fita tangaran, amma ƙaramar ƙarar da gyaran ya dogara a kanta ba ta fita. Maganin abin bai kai tsadar da ake zato ba.

Duk wanda ya taɓa aiki a ramin haƙar ma'adinai ya san cewa kafin a shiga sabon lungu sai an sami wanda zai ɗauki dogon sandan ƙarfe ya riƙa ƙwanƙwasa rufin dutse yana saurare. Dutsen da ke da lafiya yakan amsa da murya mai zaƙi kamar ƙararrawa. Wanda ya riga ya rabu da uwarsa kuwa, yana jiran ya faɗo wa mutane, sai ya amsa da murya irin ta fasasshiyar ƙwarya. Da irin wannan kunne ma'aikatan kamfanin COMINAK suka shekara 43 suna sauka ƙarƙashin ƙasa, zurfin mita 250, tun daga 1978 da aka soma fitar da ƙarfen uraniyom a Akuta. Makanikan da ke sama su ma haka: mutum ya ɗora tsinin turnabis a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya faɗi abin da ya ci a ciki tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Ranar 31 ga watan Maris na 2021 kamfanin ya tsai da aiki, bayan ya fitar da kimanin tan dubu 75 na uraniyom. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aikinsu, ban da ɗaruruwan da ke ci a ƙarƙashin ƴan kwangila. Garin Akokan, wanda dama domin ramin aka gina shi, kilomita kaɗan daga Arlit, sai ya wayi gari kuɗi sun ja baya. Wasu suka tattara suka koma garuruwansu. Waɗanda suka zauna kuwa, gyaran abin da ya lalace ya zamar musu abu biyu: maganin zaman banza da kuma maganin sayen sabo. A nan ne ƴaƴa da jikoki suka shigo da salularsu, suna ɗaukar bidiyon yadda ake farfaɗo da tsohuwar rediyo ko fankar da ta daina juyawa, su aika ta WhatsApp, ko su ɗora a Facebook da TikTok.

An ce gani ya kori ji, amma a sana'ar gyara sau da yawa ji ne ke korar gani. Rulmar fanka, wato zoben nan mai ƴan ƙwallayen ƙarfe da sandar tsakiya ke juyawa a kai, idan ta bushe ba ta sake kama. Ƴar ƙara ce kawai take yi kamar an zuba mata rairayi. Keken ɗinkin da ke tsallake zare, da agogon da bugunsa ke ɗingishi, da ɗan ƙas ɗin da makunni ke yi in ya kama, duk kunne ke tabbatar da su. To idan dattijo ya ce wa mai kallo ya saurara, mai kallo ya kasa kunne bai ji kome ba sai shuuu, rabin karatun ya zube. Abin da ake asara ke nan, ilimin shekaru arba'in da ba a rubuce yake a kowane littafi ba.

Abin da ya sa salula ke cinye ƙaramar ƙara

Laifin ba na rashin kyawun salula ba ne. Aikin da aka yi ta dominsa take yi. Masu ƙera ta sun gina ta ne domin muryar ɗan Adam ta isa ga wanda ake kira, ko da ana tsakiyar tasha. Saboda haka suka sa mata dabaru biyu. Ta farko tana tace sauti: duk ƙarar da ba ta yi kama da magana ba, musamman mai maimaita kanta kamar gunjin injin, sai ta ɗauke ta a matsayin hayaniya ta danne. Ta biyu tana ɗaga ƙarfin ɗauka da kanta in wuri ya yi tsit, ta sauke shi in an yi magana. Sakamakon haka, da zarar mai gyara ya buɗe baki sai bugun agogo ya ɓace, in ya yi shiru kuma sai salula ta ɗago bugun tare da shuuu ɗin da ke cikinta da kukan akuyar maƙwabta.

Sai kuma nisa, wanda shi ne babban ɓarawo. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel: hira tsakanin mutum biyu takan kai wajen 60, raɗa wajen 30, bugun agogon hannu kuwa ƙasa da haka. Ƙa'ida ce sananniya cewa duk lokacin da tazarar da ke tsakanin mikiro da abin da ke ƙara ta ninka, ana asarar desibel 6. Mai ɗaukar bidiyo yakan tsaya da salula kamar santimita 80 daga teburi domin hannuwan mai gyara su shiga hoto. Da za a kawo mikiro santimita 5 daga agogon, an rage tazarar da rabi har sau huɗu, wato an ci ribar desibel 24 ba tare da an ƙara ko dala ba. Babu mikiron da kuɗin talaka zai saya wanda zai ba da irin wannan riba daga nesa. Wannan shi ne ainihin dalilin sayen mikiro na daban: a raba kunne da ido, ido ya tsaya nesa, kunne ya matso.

Lambar da ya kamata a duba a jikin kwali

Kowane mikiro yana da nasa shuuu na cikin jiki, wanda yake yi ko a ɗakin da babu motsin kome. Ga mai waƙa ko mai wa'azi wannan ba abin damuwa ba ne, domin muryarsa ta rufe shi. Ga mai son ɗaukar bugun agogo kuwa shi ne kan magana. Masu ƙira sukan rubuta wata lamba a bayan kwali kusa da haruffan S/N ko SNR. Lissafin mai sauƙi ne: a ɗebe lambar daga 94, abin da ya saura shi ne ƙarfin shuuu ɗin mikiron. Mai lamba 60 yana da shuuu na desibel 34, ya fi raɗa ƙarfi, don haka zai binne agogo. Mai 74 yana da 20. Mai 80 yana da 14, kuma irinsa masu ɗaukar kukan tsuntsaye a daji ke nema. Ƴar ƙwayar mikiro ta kamfanin Primo na Japan mai suna EM272 ta yi suna ne a kan haka, ana sayar da ita tsirara, mai iya dalma ya haɗa mata waya da kansa. Sai dai a riƙe cewa takarda ba ta ƙin tawada. Kayan da ba su da sunan maƙeri sukan zo da lambobin da babu wanda ya auna su, kwalin da bai rubuta lambar ba sam kuwa ya riga ya faɗi abin da ke cikinsa.

Waɗanda ke ruɗin ido

Mikiron da ya fi yawa a gari shi ne na hannu, mai kan raga, wanda ake gani a masallaci da wajen biki da taron siyasa. Yana da ƙarfin hali, yana jure faɗuwa da ƙura, ba ya bukatar pil. Amma an yi shi ne domin bakin da ke manne da shi. Wutar da yake fitarwa kan sauti guda ta gaza ta ƙananan mikiro masu pil ninki goma ko fiye. In aka kafa shi gaban agogo, sai an ɗaga ƙarfi har shuuu ya cika kunne kafin a ji wani abu.

Na biyu shi ne babban nan mai ruwan zinari da ake sayarwa da sunan BM-800, tare da ƙafa mai lanƙwasa da soso da zoben rataya, kamar na gidan rediyo. Kyawunsa a hoto yake. A cikinsa ƴar ƙwaya ce irin ta araha, kuma ba ya sakin jiki sai an ba shi wuta ta musamman mai bolt 48 daga wani akwati na daban, wanda shi ma sai an saya. Wanda ya haɗa shi kai tsaye da salula ba zai sami abin da ya biya ba.

Na uku, wanda samari suka fi so, shi ne ƙaramin mara waya da ake maƙalawa a wuyan riga, a cusa abokinsa a gindin salula. Ga mai hira a kasuwa ko mai barkwanci ya yi daidai. Amma masu arahar cikinsu suna zuwa da tace hayaniya tun daga masana'anta, da yawansu kuma babu inda za a kashe ta. Abin da ɗan kasuwa ke yabo, cewa yana share duk wata ƙara ban da murya, shi ne aibinsa a teburin gyara, domin ƙarar da yake sharewa ita ake nema. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce wannan rariyar ba a faɗa wa mai saye sunanta.

Wanda ya fi dacewa da aljihu

Zaɓin da hankali ya fi kwanciya da shi shi ne ƙaramin mikiron wuyan riga mai waya. Irin ƙwayar da ke cikinsa, mai suna elektaret, masana biyu ne, Gerhard Sessler da James West, suka ƙirƙiro ta a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1962, kuma arahar ƙirarta ce ta sa ta cika rediyo mai kaset da wayar tarho shekaru da dama. Ba ta tace kome, abin da ta ji shi take miƙawa. Misalin da ya bazu a kasuwannin duniya shi ne Boya BY-M1: wayarsa mita 6, yana cin ƙaramin pil LR44 irin na agogo da kalkuleta, kwalinsa ya rubuta 74, kuɗinsa a can bai cika wuce dalar Amurka 20 ba, kafin kuɗin mota da ribar ɗan kasuwa su hau. Ba shi kaɗai ba ne, kuma jabunsa sun yi yawa, amma siffar da za a nema ke nan.

Dabarar ita ce kada a maƙala shi a riga. A ɗaure shi a tsinke ko guntuwar waya mai tauri, a sunkuyo da shi yatsa biyu ko uku daga abin da ake gyara, ta gefen da hannu ba zai buge shi ba. Kada kuma ya taɓa teburin, domin duk ajiye turnabis zai shiga kamar faɗuwar guduma. In babu makawa, a sa masa soso a ƙasa. Muryar mai gyara za ta shiga duk da haka, tun da irin wannan mikiro yana ji ta kowace fuska.

Wanda aljihunsa ya fi nauyi yana iya neman ƴar na'urar ɗaukar sauti mai zaman kanta, irin Zoom H1n da ta fito a 2018, mai kimanin dalar Amurka 100. Amfaninta shi ne mutum ke murɗa ƙarfin ɗauka da hannunsa. Wahalarta, sai an haɗa sauti da hoto daga baya. A tafa hannu sau ɗaya a farkon ɗauka domin a sami alamar daidaitawa.

Akwai ƴar magana a kan tsinken da ake cusawa a salula, wadda ta sa mutane da yawa suka jefar da mikiro mai lafiya. Tsinke mai baƙin zobe biyu na kamara ne da na'urar ɗauka. Salula tana son mai zobe uku. In aka cusa mai biyu, salula ba ta cewa kome, sai ta ci gaba da ɗauka da nata mikiron, mai ita yana zaton sabon ne ke aiki. Gwajin ba wuya: a soma ɗauka, a sosa kan mikiron da farce, a saurara. BY-M1 yana da ɗan makunni da ke sauya shi tsakanin kamara da salula. Yawancin Tecno da Itel da ke hannun jama'a suna da ramin nan na milimita 3.5, waɗanda ba su da shi, tun da Apple ya soma cire shi a 2016 wasu suka bi, sai an sayi guntuwar wayar haɗi, kuma ba kowace ke wuce da sautin mikiro ba. Game da tacewar da salula ke yi, manhajar Open Camera, wadda kyauta ce ga masu Android, tana ba mutum damar zaɓen mikiron waje, a wasu salulolin ma har da ɗanyen sauti wanda ba a taɓa ba.

Jiki ya fi kunne ji

Akwai wani mikiron da ba ya sauraren iska sam, jikin abu yake saurare, kuma kusan kyauta ne. Shi ne ɗan faifan tagullar nan mai farin tabo a tsakiya da ake samu cikin matattun agogunan lantarki masu ƙararrawa, da kayan wasan yara, da duk na'urar da ke yin tsit-tsit. Farin tabon yana fitar da ƴar wuta in an matsa shi ko an girgiza shi. Ƴan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano wannan hali na wasu duwatsu a 1880. Pierre ɗin nan kuwa shi ne wanda ya zo ya yi aiki da matarsa Marie a kan dutsen uraniyom har suka gano radiyom a 1898. Ashe Akokan da gidan Curie tsohuwar hulɗa ce.

In aka yi wa faifan dalmar waya biyu aka manna shi a bayan agogo ko a jikin keken ɗinki, ya zama turnabis ɗin makaniki wanda duniya za ta iya sa wa kunne. Moton kabu-kabu ya wuce, yara su yi ihu, bai san ana yi ba. Da irinsa na'urorin masu gyaran agogo ke auna bugu. Tsohon Seiko 5 mai lafiya yana bugu 21,600 a awa, wato 6 a daƙiƙa, kuma da wannan faifai har mai kallo zai ji in ɗaya ƙafar ta fi ɗaya tsawo. Wasu saluloli ba sa gane shi a matsayin mikiro sai an gitta masa ƴar rezistans mai om 2200 ko kusa da haka. Wannan yana sirantar da sautin, amma ga ƙas-ƙas da tik-tik ba laifi. Mai son gunjin injin ya fito da kaurinsa sai ya sa ƙaramin taranzisto irin FET a tsakani, aikin da tsohon ma'aikacin lantarki zai gama kafin shayi ya nuna. Abu ɗaya ne haram: manna shi a jikin abin da ke jone da kuran, domin wayarsa tana zuwa salula, salula kuma tana hannu.

Tun da maganar tsince-tsince ta taso, wajibi ne a tuna cewa a wannan yanki ba kowane tsohon ƙarfe ake kai wa ɗaki ba. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da Greenpeace a watan Nuwamba na 2009, sun sami tarkacen ƙarfe masu ɗauke da tururin uraniyom a hannun ƴan kasuwar Arlit, Greenpeace kuma ta auna wani wuri a titin Akokan inda tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Wannan haɗari babu mikiron da ke jin sa. A tsinci faifai daga kayan gida, a bar abin da ya fito daga ma'aikata.

Iska da kuran da lokaci

Ba banza Amina Weira ta sa iska a sunan fim ɗin da ta yi a kan Arlit a 2016 ba. A nan iska maƙwabciya ce ta kullum, kuma ko ɗan hucin da fatar mutum ba ta ji ba yakan zama tsawa a mikiro. Soson da ke zuwa cikin kwali yana tare numfashi ne kawai. Iskar hunturu sai hular gashi, wadda tela zai ɗinka da guntun ƙyalle mai gashi irin na ƴar tsanar yara. Ita ce kuma ke tare ƙura, wadda in ta shiga ƙwayar ba ta fita. Bayan aiki a mayar da mikiro cikin gwangwani mai murfi, a cire pil, a ajiye inda zafin watan Mayu ba zai dafa shi ba.

Wutar da ke zuwa yankin daga tashar gawayin SONICHAR ta Anu Araren, kusa da Cirozerin, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma doguwar wayar mikiro takan tsinci wannan kaɗawa ta mayar da ita gunji. Kada a ɗauki sauti salula tana caji, kada wayar mikiro ta kwanta kan wayar kuran, ragowarta kuma a naɗe. Ɗaki mai rufin kwano da bangon siminti yana maido da sauti. Bargo biyu a rataye da tabarma a ƙasa sun isa. Fanka da firji sai an kashe su, wanda a Akokan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, shi ya sa bayan sallar asuba ya fi kowane lokaci: gari bai tashi ba, zafi bai sauko ba. Mai gyara ya yi bayaninsa, ya yi shiru kamar daƙiƙa biyar, ya bar injin ya yi nasa. Kada a ɗora kiɗa a kai. In za a aika ta WhatsApp, a aika a matsayin takarda, domin ta haka ba ya matse bidiyon.

Wani abin da ba a cika faɗi ba saboda kunya: shekarun da aka yi kusa da injunan fasa dutse sukan tafi da sashen ji, musamman na siraran sauti. Dattijo ya san ƙarar da ake nema, amma ba lalle ya ji shuuu ɗin da ya rufe ta ba. Kyautuwa ya yi jikan ya sa abin sauraro a kunne ya tabbatar kafin a watse.

Daga Arlit zuwa Yamai kusan kilomita 1200 ne, kayan da aka aiko da su a mota kuwa ba su cika komawa ba. Don haka wanda zai saya, ko wanda aka aika ya sayo, ya tafi shago da salular da za a yi aikin da ita, da abin sauraro, da agogon hannu mai bugu. Ya cusa mikiron, ya sosa kansa da farce domin ya tabbata shi ke ɗauka, ya ajiye agogon yatsa biyu daga gare shi, ya roƙi mai shago ya kashe rediyo na rabin minti. Sa'an nan ya cire mikiron ya sake ɗauka da salula tsura daga tazarar kamu huɗu, ya saurari biyun a jere kafin ya ciro kuɗi.